Makullin Mushe Hamisu

Garin da ba shi da irin Mushe Hamisu, a je a yi masa jaje. Mu dai a Buza Allah ya rufa mana asiri. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, tabarau a goshi, biro uku a aljihu, kuma babu halin ɗan Adam da ya ɓuya masa. Ko kwana ka gaishe shi, sai ya gyara murya ya ce, "Manyan littattahai sun nuna..." Shi ya sa 'yan tasha suka laƙaba masa Mushe Sun-Nuna. Shi a ganinsa sarauta ce.

Littattafan kuwa akwai su. Wani tsohon ma'aikacin asibitin mishan, Markus, da zai koma garinsu, ya bar wa yaran gari littattafan labari na Faransanci ɗari biyu, irin waɗanda ake tambaya a jarrabawa. Rana ɗaya Mushe ya kafa ƙungiyar masu karatu. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, shi ne mai riƙon makulli. Ya jera su cikin armuwa, wato kabad na katako, ya jingina ta da bangon ƙasa, ya datse da kwaɗo, ya rataya makullin a wuya kamar laya.

Maƙwabcinsa Takawa, manomin albasa, ya leƙo ya ce, "Mushe, a ɗora ta bisa duwatsu mana, kamar rumbu. Ƙasar ɗakin ga ba ta da amana."

"Malam Takawa, hikimar duniya ba hatsi ba ta. Kowa shi tsaya ga gonatai."

Kowace Asabar akwai lacca a gindin itacen bedi. "Marubutan Turai da na Afirka duk abu guda sunka gani," in ji shi, yatsa a sama. "Rowa, girman kai, da mutumin da ka zama bisa amanar wani. Ni na karance su tas. Daga tahiyar mutum nika gane zuciyatai." Jama'a su gyaɗa kai, don inuwar wurin tana da daɗi kuma akwai shayi.

Ita kuwa Salma, ɗiyar Takawa, ba shayi ya dame ta ba. Bara ta faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, Faransanci ne ya kayar da ita. In ta sake faɗuwa bana, lise, makarantar tasu, ta sallame ta ke nan. Saura wata guda, littafi ɗaya tak take roƙon aro.

Zuwan farko Mushe ya shinshina iska ya ce hannunta na warin albasa. Zuwa na biyu ya zaunar da ita awa guda yana yi mata bayanin falalar kyauta, ya sallame ta hannu Rabbana. Na uku ya ce makullin na can garin Madawa, alhali igiyarsa na leƙowa ta wuyan riga.

Da abin ya ishi Takawa, sai ya ɗauko mai unguwa. Mushe ya yarda a buɗe, amma ba a buɗe hikima kamar buhun gawayi. Sai da aka jera benci, aka aro lasifika, ya yi jawabi har inuwa ta juya. Sannan ya murɗa makulli, ya ja ƙofar. Ƙofar ta biyo shi gaba ɗaya.

Jar ƙasa ce ta zubo masa a kan takalmi. Shekara uku gara na karatu babu hutu, daga shafin farko har na ƙarshe. Bangwayen littattafan kawai ta bari, masu santsin leda, wato daidai inda karatun Mushe ya saba tsayawa.

Da wani ne, da kunya ta kashe shi. Shi kuwa ya karkaɗe wando ya ce, "Kun gani? Komi mai ƙarewa na. Manyan littattahai sun nuna hakanan."

Mutane suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don na ga Salma ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma har yau in na tuna raina na ɓaci.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito: shin mutanen cikin littattafai suna kama da waɗanda muke zaune da su? Salma ba ta da babin da za ta jawo. Ta daɗe tana tauna biro. Can sai ta duƙa ta cika shafi huɗu da labarin mutum ɗaya, mai wa'azin kyauta da makulli a wuya. Ba ta ambaci suna ba, ba ta kuma ƙara masa gishiri ba. Da sakamako ya fito ta haye, kuma Faransancin ne ya ɗaga ta.

Yanzu duk wanda ya ratsa tasha sai Mushe Sun-Nuna ya tare shi, yana dukan ƙirji. "Yarinyar ga, in ba don ni ba, da ba ta ci ba!"

Babu mai yi masa musu. Tun da muka san shi, wannan ce magana ta farko da ya faɗa ta zama gaskiya.