Wurin Yaya Barau

A Ƙofar Gabas akwai wani gida mai mutum uku: Inna Tabawa, da babban ɗanta Barau, da ƙanensa Cindo. Cindo ya haura talatin, amma yadda magana ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. Barau ne ke warware masa zancen mutane.

Wata rana santsi ya kwashe Barau a injin casar shinkafa inda yake aiki, ƙugunsa ya karye. Da za a tafi da shi garin mai ɗori, ya kama hannun ƙanensa ya ce, "Ka riƙe mini wurina har in dawo."

Washegari Cindo ya je injin, ya nemi daidai inda yayansa ya faɗi, ya zauna, fuskarsa na kallon ƙofa.

Wata rana mai injin, Malam Shekarau, ya ce, "Cindo, sa ido a kan tsanin nan." Cindo ya manna idonsa a matakalar ƙasa. Mai saukowa da buhu ya taka ƙeyarsa, suka zube tare cikin dusa. Cindo ya kakkaɓe jiki ya koma wurinsa, yana tunanin da Yaya na nan, da ya faɗa masa wane ido ake nufi.

Wata rana kuma aka ce masa, "Duk abin da zai ka da mutum, fitar da shi waje." Sai ya sungumi Gagare, mai dako, wanda ke kokawa a lokacin kaka.

"Sauke ni, ɗan nema!"

"Mutum shida ka kayar bara, ina wurin."

Wata biyu, duk ƙarar babur sai Cindo ya ɗaga kai. Ran nan haƙurin Malam Shekarau ya ƙare. "Tashi daga hanya, ko in ba wani aikin yayanka!"

"Wurin Yaya ne, ranka ya daɗe."

Aka ɗaga shi da ƙarfi, sai ga wandonsa jagab.

"Kullum haka yake," in ji Cindo.

Malam Shekarau ya sa aka fasa simintin. Ashe bututun ruwa ne ya tsage a ƙasa yana tsattsafowa. Ya sa aka gyara, sannan ya lissafa: tun da Cindo ya zauna, kowa kewaye shi yake yi, ba wanda ya ƙara zamewa a nan.

Ranar da Barau ya shigo yana dogara sanda, Cindo ya miƙe a hankali, idonsa cike da hawaye.

"Ga wurinka, Yaya. Ban ba kowa ba. Har ya bushe."