Kaka Ba Ta Ji

Bilyaminu yana tsakiyar gyaran babur a rumfarsa da ke Kaura Namoda sai Zuhura, matar kawunsa, ta kira shi daga Dauran. "Kaka Kulsumu ta faɗo daga rumbu, wallahi ba ta ji..." Nan layi ya katse. Ya yi ta kira, ba ta shiga. Ya bar komai ya hau babur ya kama hanyar Zurmi, hanyar da mutane ba sa bi yanzu sai da dalili. Da ya faɗa gidan, sai ga tsohuwar zaune kan tabarma, ƙafa ɗaya ɗaure da tsumma, tana shan fura.

Kaka ta dube shi. "Lahiya lau, maigida. To tsaya mana ka gaishe ni kamar ɗan mutane. Mi ya koro ka haka, kana haki kamar jakin da aka ɗora ma buhu uku?"

"Tsohuwa! Ke ce zaune?"

"A'a, fatalwata ce. Ni ina can an binne."

"Zuhura ta ce kin faɗo, ba ki ji!"

Zuhura ta leƙo daga madafa, hannunta duk gari. "Ni cewa zan yi ba ta jin magana. Sau uku ina hana ta hawa rumbun nan. Wayar ce ta yanke." Ta koma ciki tana dariya.

Bilyaminu ya zube bakin tabarma, ya riƙe kai. "Alhamdu lillahi. Ni na ɗauka kin suma, ko motsi ba ki yi."

"Ina ji dai gado ka zo rabawa," in ji Kaka. "To akuyar nan tawa ce, kuma ba ta tahiya ko'ina."

"Wagga akuya mai ƙashi kamar ke? Ko kyauta ba ni so."

"Ina ji baƙin ciki kake da ka iske ni da rai."

"Kullum ina ji, ina ji. Wa ya gaya miki har kika ji? Kunnen da sai an yi miki ihu?"

"Wanga jin ba na kunne ba ne, sakarai. Zuciyata ta raya mini."

"To zuciyarki ta yi ƙarya. Ƙafar fa, mi kike ji?"

"Zogi kaɗan. Mai ɗori ya duba, ya ce targaɗe ne, ƙashi bai taɓu ba."

"Yauwa. Ga zogi kina ji, ga zato kina ji, ga daɗin fura kina ji. Magana ce kaɗai ba ki ji. Shekara tamanin, mi ya kai ki bisa rumbu?"

"Tamanin ɗin gidanku! Dawa na hau ɗebowa. Da ina da miji na kirki da shi zai hau. Sai Allah ya haɗa ni da kai, baƙin mai har cikin kunne."

"Ai na sake ki tun bara."

"Ban ji ba, saki bai yi ba."

"Ka ga! Yanzu kuma kunnen ya toshe."

"Awo. Shina buɗewa in an ce ga goro."

"Goro da waɗanne haƙora? Guda biyun da suka rage, su ma ba su ga maciji da juna."

"Su biyun sun ishe ni in cije ka. Kai dai faɗa mini gaskiya, da aka ce na faɗo, mi ka ji?"

"Daɗi. Na ce yau na huta da sayen man zafi."

"Maƙaryaci. Ga idonka nan ja wur."

"Iskar hanya ce."

"Iskar hanya ce ta cika shi da hawaye?"

Ya jawo ƙwaryar furar ya kafa kai, don kada ta ƙara kallon fuskarsa. Kaka ta bi shi da ido tun daga hula har ƙasa, sai ta tsaya a ƙafafunsa. Ta dama tana cikin silifa shuɗi. Ta hagu ba komai, ta yi futu-futu da ƙasa, babban yatsa ya fashe yana jini.

"Bilya, ina ɗayan takalminka?"

Ya duba. Sai lokacin ya lura. "Ina ji... yana can rumfa."

"Tun daga Kaura? Haka ka taka giya?"

"Sauri nake kada a raba akuya ba ni nan."

Kaka ta yi dariya har ta kama ƙafarta mai ciwo, ta goge ido da bakin zane. "Zuhura! Kawo ruwan ɗumi da gishiri. Ki duba ƙarƙashin gadona, akwai takalman fata na marigayi cikin leda, ki haɗo da su."

Bilyaminu ya ɗago kai. "Na Kaka Malam? Ai kin ce ba mai sa su."

"Na ce. Yau ka ci ni, ja'iri. Wanke ƙafar tukuna, kada ka ɓata ma mijina na gaske takalmi."