Sallau Ya Yi Wa Jirgi Salansa

Wani mutum ne a Auyo, Sallau Mai Walda, wanda ya ce duk injin da ya taɓa sai ya koyi ladabi. Janareta, injin ban ruwa, babur, da an kawo sai ya cusa wa salansar soson ƙarfe ya liƙe. Yakan ce har jirgin alhazai ya taɓa yi wa aiki a Kano. Gaskiya ne ya je filin jirgin. Rakiya ya yi.

Wata shekara, tsuntsayen jan-baki suka sauka wa Alhaji Isyaku a gonar shinkafa, saura sati uku yanka. Alhaji ya ɗauko hayar wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, da matuƙinsa Kyaftin Habila. Injinsa irin na tsofaffin babura ne, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Aikinsa ɗaya: ya bi saman gona yana tsala ihu, tsuntsaye su watse.

Ran nan salansar ta tsage. Kyaftin ya kwance ta ya kai wa Sallau.

"Malam Sallau, nan kawai za ka ɗiga walda. Wannan tumbin na tsakiya kada ka taɓa shi, da shi injin yake samun ƙarfi."

"Kyaftin, ni za ka koya wa salansa?"

"Ban isa ba. Tumbin dai."

Kyaftin na juya baya, Sallau ya dubi 'yan zaman rumfarsa ya girgiza kai.

"Kun ga aikin Bature? Bututu ya kumbura, wai a bar shi. Ga ƙara kamar ana yanka jaki."

Ƙyarrr! Ya yanke tumbin. Ya jona salansar janareta, ya dura mata soson ƙarfe har huɗu. Tumbin kuwa ya fasa shi ya yi wa mai shayi murhun gawayi, don ba ya son asara.

Washegari da hantsi ya je gona sanye da shadda, rabin gari na biye da shi. Ya ɗaura aikinsa tun kafin Kyaftin ya iso. Kyaftin ya zo, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Ina tumbin?"

"Na sallame shi. Tayar ka ji."

Aka tayar. Sululu! Kamar keken ɗinki. Jama'a suka ɗau tafi. Alhaji bai tafa ba. Sallau ya haye kujerar baya ya ce da shi za a tashi, mai aiki ba ya gudun aikinsa.

"Ba zai tashi ba," in ji Kyaftin.

"Ba shi wuta, kai dai!"

Kyaftin ya ba shi wuta har ƙarshe. Jirgi ya kama hanya cikin natsuwa. Ya yi gaba, ya ƙara gaba. Wani mai keke ya wuce su, ya yi musu sannu. Da fili ya ƙare, jirgin ya gangara cikin fadama, caɓal, ya tsaya.

Jan-baki suka taso daga shinkafa, suka zagaya sau ɗaya, suka jeru a kan fiffike. Biyu suka zaɓi hular Sallau.

Alhaji ya tattare riga ya matso bakin ruwa.

"Kyaftin, sabuwar salansa kwana nawa?"

"Daga Legas? Sati uku, in an yi sa'a."

"To." Ya juya. "Sallau, kai ka cire ƙarar ko?"

"Alhaji, ai in ka lura da ingancin waldar..."

"Na lura. Ku miƙa masa garwa da sanda."

Sati uku Sallau yana zaga gona da ƙafa, ƙwal-ƙwal-ƙwal, yana "Haa! Haa!" tun daga fitowar rana har faɗuwarta. Shinkafa ta tsira. Da salansar ta iso, Alhaji ya ce wa Kyaftin ya yi haƙuri ya koma da jirginsa, don baɗi ma hayar Sallau zai ɗauka: ya fi ƙara, kuma ba ya shan mai.