Awakin Baba Jatau

Wani mutum ne a ofishinmu, Dalhatu, amma in ba ka ce masa Injiniya ba ko waiwayowa ba ya yi. Cika baki kuwa, sai wanda ya gani. A faɗarsa, kwamfuta in ta ji takunsa da kanta take kunna kanta. Ni dai haushinsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Ƙungiyarmu za ta raba awaki ga marasa ƙarfi a ƙauyen Tsamiyar Kura. Aka bi gida-gida ana tambayar kowa yawan dabbobinsa, aka tara teburan bayanai, wato jadawalin amsoshin. Hajiya Darakta ta ce wanda ya tsara su da kyau shi ne sabon shugaban sashe. Wuf, Dalhatu ya karɓe aikin. Kujerar nan ya daɗe yana haɗiye mata yawu.

Ya juye teburan cikin ɗan ƙaramin rumbun bayanai, irin mai fayil guda, ka sa a filashi ka jefa aljihu. To, kowane tebur yana tafe da ɗan bayaninsa, mai faɗin abin da kowane layi da kowace lamba ke nufi. Dalhatu ya dube shi ya ja tsaki.

"Mtsw! Tarkace." Nan take ya goge.

Malama Turai, wadda ta jagoranci masu tambayar, ta ce, "Injiniya, ka bar bayanin nan mana. Ka ma karanta shi kuwa?"

"Haba Malama! Ni da lamba ai ba ma buƙatar tafinta."

Ta ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Ranar rabo, ajin firamaren ƙauyen ya cika maƙil. Gogan naku ya sha shadda, sai ƙamshi yake bazawa. Ya buɗe kwamfuta ya gyara murya.

"Jama'a, na'ura ba ta ƙarya! Ta tono mana masu ɓoye dukiya. Akwai wani Jatau a nan, awakinsa ɗari tara da casa'in da tara, amma yana layin tallafi. Ko kunya! Na cire shi."

Jama'a suka shiga waige-waige. Can baya wani tsoho ya dogara sanda ya miƙe, rigarsa faci kan faci. Baba Jatau ke nan, wanda duk ƙauyen an san ko kaza bai ajiye ba. Sai dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Malama Turai ta tashi ta dubi Hajiya Darakta. "Ranki ya daɗe, da muka tambayi Baba, sunkuyar da kai ya yi. Dattijo ba ya cewa ba shi da komai a gaban iyalinsa. Duk wanda bai amsa ba, lambar tara sau uku muke jera masa, wato ɗari tara da casa'in da tara. Shi ne layin farko a bayanin da aka goge."

Hajiya ta zare tabarau. "Dalhatu, irinsa nawa ka cire?"

"Go... goma sha bakwai, ranki ya daɗe."

"Wato talakawan da muka zo dominsu su ka kora?"

Zufa sharkaf, shadda ta manne a baya. Allah ya so Turai na da kwafin bayanin a wayarta. Aka mai da sunayen, kujera kuma ta zama tata tun kafin a tashi.

Dalhatu na sulalewa zai shige mota, sai ji ya yi an riƙe masa hannun riga. Baba Jatau ne, janye da jar akuyar da aka ba shi, mutanen gari na biye.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ga guda ta zo hannu. Sauran ɗari tara da casa'in da takwas ɗin fa, tunda kai kaɗai ka gan su, a gidanka suke kwana ko a ofis?"