Ranar Da Aka Ja Sarkin Awo A Guga

A wani daji da ke tsakanin fadama da tsauni akwai wata tsohuwar kuka da ake kira Kukar Tasalla. Sunan wata shamuwa ce, Gwaggo Tasalla, wadda ta yi damina ashirin da ɗaya tana sheƙa a kan reshe guda, reshen da uwarta ta ƙyanƙyashe ta a kai. Da rani takan yi kudu, da bazara ta dawo, kuma sai an gan ta ake fara sharar gona. Ba ta taɓa durƙusawa gaban malami ba, ko alif ba ta sani ba. Amma bakinta, to, Allah ya raba ka da shi.

Wata shekara tana can kudu sai masu ƙarfen sabis suka aiko wakiliyarsu, Hajiya Hawainiya, neman wurin kafa ƙarfe. Majalisar daji ta zauna a ƙarƙashin shugabanta Ɓauna, aka tambayi duk wanda yake nan, kowa ya ce ya yarda. Aka kafa ƙarfen a gefen kuka, aka ɗaura masa fararen alluna uku can sama, aka girka janareto a gindi.

Gwaggo ta dawo ta tarar da baƙo. Ɗaya daga cikin allunan ya saito sheƙarta, tsakaninsu bai fi gaba biyu ba. Ta harare shi, bai ce komai ba, ta gyara sheƙa ta saka ƙwai huɗu. Kwana uku bayan haka aka kunna.

Kai, ranar an sha murna. Zomo ya kira surukansa na bayan tsauni, ya huta da tafiyar yini guda. Barewa ta ji muryar 'yarta da aka kai aure nesa, tana dariya tana share hawaye. Aka daina tura Kurciya da saƙon rasuwa da na suna, har ta yi ƙiba. Abin alheri ne, ba mai musu. Ita kanta Gwaggo ta sa an kira mata ƙanwarta ta kudu, ta zazzage ta tas a kan wata tsohuwar magana, ta ce lallai abin nan yana da amfani.

Sai dai a bakin rafi ta ji ana cewa allunan suna fitar da wani huci da ido ba ya gani, shi ke ɗaukar magana ya kai nesa. Wasu suka ce ba ya komai, wasu suka ce yana dafa ƙwaƙwalwa. Ta koma ta dubi allon, ta dubi ƙwanta huɗu. Ranar zaman majalisa ta sauka a tsakiyar fili, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

“Ranka ya daɗe, ni ban iya dogon zance ba. Kun kafa mini ƙarfe a ka ba ku tambaye ni ba, na bar ku da Allah a kan wannan. Yanzu ina da ƙwai huɗu a gaban allon nan, ƙwai kuwa ba a ɗaukarsa a yi ƙaura. Ban ce hucin nan yana kisa ba, ban ce ba ya kisa ba. Ban sani ba. Ku ma da kuke ta gyaɗa kai ba ku sani ba. An ce akwai abin awo. To, a zo a auna inda nake kwana. Abin da ya kawo ni ke nan.”

Da a nan aka tsaya, da an gama tun kafin azahar. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kura ta miƙe tana jan ƙugu.

“Allah ya ja zamanin shugaba, ni ma tun da aka kunna abin nan ƙafafuna na baya suka gajarce.”

Gadu ya ce dubi fuskarsa, duk ƙarfen ne ya fito masa da ƙulu-ƙulu. Ungulu ta sunkuyar da kai ta ce a duba, gashinta ya zube ƙaf.

Gwaggo ta juyo.

“Ke Kura, rufe mana baki. Na san uwarki, haka take tafiya kamar an ɗora mata buhun gero. Kai kuma Gadu, ranar sunanka ina wurin, ungozoma sai da ta yi salati. Ungulu, kakarki ma da sanƙonta aka binne ta. Ku tafi can da ƙaryarku, kada ku zuba mini ita a cikin gaskiyata ta yi tsami!”

Fili ya ɗauki dariya, har Ɓauna sai da ya yi tarin ƙarya. Sannan ya ce ba za a ware kowa ba, duk mai ƙara za a auna masa. Aka kira Sarkin Awo.

Sarkin Awo kunkuru ne, Malam Nomau, kuma a gidansu sarautar take tun kaka da kakanni. Mutumin kirki ne, a faɗi gaskiya. Ba ya karɓar ko goro, ba ya gaggawa, ba ya rubuta abin da bai gani ba. Yana da na'ura mai allura da yake ratayawa a wuya, da jan layi a fuskarta: in allura ta haye layin, wurin bai dace da zama ba. Ƙa'idar aikinsa guda ce, ita ya gada, ita ce kuma a littafin majalisa: awo a ƙofar gidan mai ƙara ake yin sa.

Ya je ƙofar ramin Kura, allura ta ɗan motsa kamar mai juyi a barci, ta koma ta kwanta. A ƙofar Gadu haka. A kan dutsen da Ungulu ke shan hantsi haka. Sannan ya ja jiki zuwa gindin kuka, ya ajiye na'ura a tsakanin saiwoyi, ya auna sau uku. Ko rabin hanyar jan layi allura ba ta nufa ba.

Ɓauna ya tara jama'a ya yi jawabi.

“Jama'a, gani ya kori ji. An auna ƙofa huɗu, an samu lafiya lau a ƙofa huɗu. Majalisa tana yaba wa Sarkin Awo, tana yaba wa masu ƙarfe, tana kuma yaba wa kanta bisa saurin da ta yi. Wanda ke da sauran ciwo ya nemi sassaƙe. An rufe magana.”

Hajiya Hawainiya ta yi kore shar don daɗi. Aka fara watsewa.

“Ba a rufe ba,” in ji Gwaggo. “Malam Nomau, ina ka auna?”

“A ƙofar gidanki, Gwaggo.”

“Wace ƙofar?”

“Gindin kuka. Haka yake a littafi: Tasalla, shamuwa, mazauninta kuka.”

“A gindin kuka ka taɓa ganina ina kwana? Ni gafiya ce? Tsakanin inda ka ajiye abin nan da inda ƙwaina suke, gaba goma sha biyu ne. Kai da za a ce a duba maka ciwon kai, sai a kama ƙafarka a ce lafiya lau?”

Malam Nomau ya ce shi bai ƙi ta tata ba, amma ƙa'ida ƙa'ida ce, kuma tun da aka fara awo a dajin nan ba a taɓa yin sa sama da tsayin wuyan kunkuru ba. Ɓauna ya ce littafi ba ya ƙarya. Wani ya ce a bar tsohuwa, rigima ce irin ta tsufa.

Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, “To, ni ban iya karatu ba, ku da kuka iya ku gaya mini. Mene ne ƙofar gida? Ba inda baƙo ke tsayawa ya yi sallama mai gida ya amsa ba ne? Ko an sauya?”

Aka ce ba a sauya ba. Wannan kam ko jariri ya sani.

“Madalla. Zan hau in zauna a kan ƙwaina. Sarkin Awo ya tsaya inda ya auna ya yi sallama sau uku, yadda ake yi. In na ji na amsa, nan ce ƙofata, na janye, har tuba zan yi a gaban kowa. In ban ji ba, sai ya nemo inda ƙofar take. Ku haɗa ni da Ungulu ta zama shaida, tun da ba ƙaunata take yi ba.”

Aka yarda. Suka tashi sama su biyu. Malam Nomau ya gyara tsayuwa a gefen janareto, wanda ke ta ruri abinsa, ya miƙa wuya ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya yi ta uku har muryarsa ta dushe. Ungulu ta sauko ta ce ita dai tsakaninta da Allah, ban da ƙugin inji ba abin da ya iso sama.

Malam Nomau ya juya ga Ɓauna. Sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, in ba a amsa sallama ba, ban zo gidan ba ke nan. Awon da na yi na gidan saiwa ne. Sai an kai ni.”

Nan fa ake yin ta, domin kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. Daga ƙarshe aka aro gugan rijiya, birai suka hau suka zarga igiya a reshen ƙoli, aka saka Sarkin Awo a ciki da na'urarsa. Duk dajin ya taru. Birai suna ja suna waƙa, mata suna guɗa, guga yana lilo, kan Malam Nomau yana leƙowa yana komawa.

A reshen farko ya ce a tsaya, ya yi sallama. Kurege ya leƙo daga kogo ya ce, “Ba nan ba ne, Malam, ƙara gaba.” Malam Nomau ya duba allura, tana kwance. A reshe na biyu jemagu suka ce masa shi ma dai ya san ba a tashin mutane da rana. Allura ta ɗan ɗaga kai. Da aka wuce rabin kuka sai aka ji muryarsa daga sama yana cewa, “Ikon Allah! Ashe fadama da tsauni kusa suke? Shekara sittin ina cewa tafiyar kwana biyu ce!” Jama'a suka kwashe da dariya, birai har suka kusa sakin igiya.

Guga ya tsaya daidai bakin sheƙa.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam, Sarkin Awo. Maraba, lale. Yau ka zo gidana.”

Ta miƙa masa fara biyu, tun da ba a barin baƙo haka. Ya ce sai ya gama aiki. Ya ɗora na'ura a gefen ƙwai, fuskarta tana kallon allo. Allura ta tashi tsaye, ta haye jan layi, ta zauna a can. Ya kashe ya kunna, ya auna sau uku. Sannan ya leƙo ƙasa.

“A nan ta haye! A ƙasa babu komai, a tsakiya babu komai, amma a gaban allon nan ta haye!”

Hajiya Hawainiya ta yi rawaya, ta yi toka-toka, ta koma launin da ba shi da suna. Amma a ba ta haƙƙinta: ba ta yi musu ba. Ta kama kuka ta hau da kanta, taku ɗaya tunani ɗaya, ta duba allura da ido ɗaya, ɗaya idon yana kan takardarta.

“Gwaggo, a takardarmu ma an rubuta kada kowa ya zauna dab da gaban allo. Da muka zo duba wuri, ba mu ga kowa a nan ba.”

“Da rani kuka zo, 'yar nan. Da kun tambayi ko ɗan tsako zai gaya muku kuka tana da mai ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuwa kun tambayi kowa ban da mai ɗakin.”

A ranar aka kashe allon da ke kallon sheƙa. Cikin kwana biyu aka ƙara wa ƙarfen tsawo, aka mayar da allunan sama da kan kuka, inda ba mai kwana a gabansu. Sabis bai ragu ba, har Zomo ya ce yanzu yana jin tarin surukarsa tangaran, abin da bai roƙa ba. Aka sake jan Malam Nomau a guga, wannan karon shi ya fara shiga tun ba a gama ɗaura igiya ba. Allura ta kwanta a bakin sheƙa kamar yadda ta kwanta a ƙofar Kura. Ya ci fararsa biyu, ya ce a bar shi ya ɗan ƙara kallon fadama.

Da ruwa ya zauna, ƙwai huɗu suka fashe, 'ya'ya huɗu suka fito, kowanne da bakin uwarsa. Ranar suna an ci an sha a gindin kuka, Kura ta yi rawa da ƙafafun da ta ce sun lalace. Gadu ya matso ya ce, “Gwaggo, wa ya sani, wataƙila ko ba a ɗaga allon ba da sun ƙyanƙyashe.”

“Wataƙila,” in ji ta. “In ka saka naka ƙwan sai ka gwada.”

Majalisa ta sake zama a ƙarshen damina. Aka yi jawabai bakwai, aka naɗa wa Malam Nomau sabon rawani, aka gode wa birai, aka gode wa mai guga. Sunan Gwaggo bai fito ba, tun da ta riga ta yi kudu, kuma ba a tambayar wanda ba ya nan.

Har gobe in ka buɗe littafin majalisar za ka gani an rubuta da kyakkyawan hannu cewa a wannan shekara ce, bayan dogon bincike, aka gano shamuwa a sama take kwana.