Gadar da Aka Hana Mu Taɓawa

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban ofishin da ke kula da tsofaffin gine-gine, Allah ya ja zamaninka, ya kare ƙafafun 'ya'yanka.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Sunana Ƙaltume, muna zaune a gonar dabino can kan hanyar Khaibar. Ban yi makaranta ba, faɗa nake yi maƙwabciyata Khalida tana rubutawa, na ce mata ta sa yadda ya fito daga bakina. In ka ji rashin ladabi, tsoro ne, ranka ya daɗe.

Maganar gadarmu ce mai rumfa, wadda kuka kafa wa allo shekara uku ke nan, wai kayan tarihi ce, mamnu'u, wato an hana a taɓa. Mun gode da allon. Duk gadar babu abin da ya kai shi ƙwari.

Na ɗaya. Kakan mijina, Baba Jumare, shi da abokansa suka gina ta, bayan sun zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. Kututturen dabino suka tsaga suka jera a kan kwarin, suka ɗaure da igiya, suka yi mata rumfar ganye don kada rana ta fasa itacen. Kuma suka bar ƙa'ida: duk shekara in an gama tsinkar dabino, maza su cire kututturen da ya fi ruɓewa su sa sabo, mata su sake ganyen rumfa. Yani gadar tsohuwa ce, amma babu tsohon itace a jikinta, sai da kuka zo. Yanzu alhamdulillahi ta tsufa sosai.

Na biyu. 'Yata Sundus shekararta shida, ta nan take bi ta hau bas ɗin madarasa, babu wata hanya. Rami ya buɗe a tsakiya kamar faifai. Ya ci takalminta ɗaya, ranar na ga ƙafarta ta shige har gwiwa. Tun daga nan da gyalena nake ɗaure ta a ƙuguna mu haye, ga jariri a baya. Ranka ya daɗe, in yarinya ta faɗa daga kan kayan tarihi, ita ma tarihi za a rubuta ta?

Na uku. Ni ce na taɓa. Na cire ƙofar durowar kayana, wadda aka saya mini a kasuwa lokacin aurena, na rufe ramin da ita, na shafe ta da laka don kada a gane. Mijina bai sani ba sai bayan an yi. In hukunci ne nawa ne ni kaɗai.

To sai ga muhandis ɗinku, wato injiniya, da baƙi. Ya durƙusa a kan ƙofar, ya goge lakar, ya shafa furannin da ke jikinta, ya ce wannan sassaƙar zamanin Turkawa ce, irinta ta ƙare a duniya. Suka yi ta ɗaukar hoto. Ina tsaye a gefe, wa ya isa ya gyara wa mai ilimi? Har igiya ya sa aka zagaye ta da ita don kada a taka. Yanzu ta bakin gadar muke raɓawa, inda itacen ya fi laushi, jiya ma wani ramin ya buɗe a nan.

Lokacin ruwa ya zo, kuma kwarin nan in ya kawo ba ya sallama. Abin da muke roƙo kaɗan ne, ku bar mazanmu su sa kututture uku. Itacen na nan a tsage, ba mu son komai daga ofishinku sai izini.

Ranar Lahadi Sundus za ta madarasa. In ba mu ji daga gare ku ba kafin nan, katakon gadonmu zan ɓalle, mijina ya yarda zai koma tabarma. Sai ku turo muhandis ya gaya mana wane sarki ne ya kwana a kansa.

Taka mai biyayya har ƙasa, wadda ba ta ƙara taɓa komai sai Lahadi,

Ƙaltume, maman Sundus