Zanzaro a Cajar Jirgin Kaka

"...da gajiyar mota? To madalla. Ajiye jakar nan, amarya, ba gaisuwa na kira ki ba. Zo ki duba mara lafiya."

Haka Malam Barau ya tari jikarsa Saliha tun ba ta gama durƙusawa ba. Tsohon masunci ne a wani ƙauye bayan Bunkure, ita kuwa aikin lantarki take karantawa a Kano. Jirgin ruwansa mai inji wata takwas ke nan yana zaune a ƙarƙashin rumfa, tun da ciwon gwiwa ya kwantar da mai shi. Ga shi jibi sunan ɗan da Asta, matar autansa, ta haifa, kuma tsoho ya riga ya cika baki a majalisa cewa kifin da ya kamo da hannunsa a Tiga za a ci, ba na kasuwa ba. Da safe ya murɗa makulli, inji ko tari bai yi ba.

Saliha ta leƙa cikin jirgin. "Wanne ne mara lafiyar, angona? Na ga ku biyu ne, kuma duk kun yi tsatsa."

"Ji 'yar banza! Ni da na haye Tiga da iyo, riƙe da giwan ruwa a haƙorina?"

"Shi ya sa haƙoran suka bi kifin. Ai ba a fafe gora ranar tafiya, Kaka. Wata takwas kana ina?"

"Duk Juma'a sai na jona cajarsa da janareto. Ko ke ban kula da ke haka ba."

Wannan magana ta tsaya wa Saliha a rai. Batirin da ake wa caji duk mako, me zai kashe shi? Ta ɗauko mitar awon wuta ta ɗora a kan batirin.

"Goma da rabi. Bai mutu ba, suma ya yi. Sha biyu da 'yan kai ya kamata a gani."

"Wannan 'yar akwatin ce ta gaya miki? Tambaye ta yaushe za ki yi ƙiba, ki daina kama da karan dawa."

"Ta ce sai ranar da ka fara ba da kuɗin cefane. Dubi kan batirin, duk ya yi farin gari. Sa a kawo mini kanwa da ruwan zafi."

"Kanwa? Wake za ki dafa a jirgina?"

Ta jiƙa kanwar, ta goga da tsohon buroshi. Garin ya yi kumfa ya narke, tsoho ya matso har gemunsa na neman shiga kwanon.

"Ikon Allah! Ashe shi ma cikinsa ke kumbura."

Ta duba ruwan batirin, yana nan daidai. Ta duba fis, lafiya lau. Aka ta da janareto, ta jona cajar da ke ɗaure ƙarƙashin benci. Fitila ta kawo ja, kafin a ƙirga ɗari ta ɗauke. Saliha ta taɓa jikin cajar, ta janye hannu da sauri.

"Ruwa ba ya tsami banza. Zafi take yi ta kashe kanta. Kullum haka take maka?"

"Ni da na ga ja sai in tafi masallaci."

Ta kara kunne. Shiru, fankar ciki ba ta juyawa. Ta ɗauko sukundireba, sai Malam Barau ya yi wuf ya riƙe mata hannu.

"Kar ki buɗe nan. Akwai baƙo."

"Wane baƙo?"

Ya sosa ƙeya. "Zanzaro. Tun damina na ga yana shiga da laka. A makon ne aka ce Asta na da ciki. Kin san ba a rushe ginin zanzaro a gidan da ake jiran haihuwa."

Saliha ta zauna daɓas a bakin jirgin, dariya har da hawaye. "Wato kai ka ba shi haya a kan fankar cajarka!"

"Yi dariyarki. Yaro bai zo lafiya ba? Abin da babba ya hango..."

"Ya zo, yau kwana biyar. Ungozoma ma ta koma gida, zanzaro ne zai tare? Zaɓi ɗaya, Kaka: ko gininsa ko kifinka."

Tsoho ya dubi ƙofar gida inda ake ta jera tukwanen suna. "To, a hankali. Kar ki fasa masa ɗaki."

Ta kwance murfin, ta sa bakin wuƙa ta ɓamɓaro ginin ɗungurungum. Suka haɗa kai suna leƙa 'yan ramukan. Fayau, masu gida sun daɗe da tashi. Ta hure ƙura, ta sake jonawa. Fanka ta ɗauki kiɗa, fitila ta kawo ja ta zauna daram, mita ta fara hawa.

"Ka bar shi haka har asuba. Gobe ka murɗa makulli, in bai tashi ba ka sake ni."

Malam Barau ya tuntsire da dariya. "In saki wa? Na sallama, 'yar nema. Kifin farko da ya faɗa komata naki ne, ko da ya kai ni girma."

"In ya kai ka tsufa dai, ka ba 'yan majalisa."